Maratayin Gangar Baba

Wajen ƙarfe goma na safe suka iso, ranar Talata, hadari ya haɗo ta gabas ya tsaya, bai zuba ba kuma bai watse ba. Zafi ne irin mai manna wa mutum riga a baya. Ina zaure ina ɗaure fatar kazagina na ji mota ta tsaya a ƙofar gida. Garinmu yana bayan Mai'adua ne, mota ba ta cika shigo mana da damina ba, don haka kafin su gama fitowa rabin unguwa ta taru.

Su uku ne. Babbansu Sharfaddeen sunansa, mutumin Kano, mai farin gilashi da ƴar jaka a kafaɗa. Ya ce fim suka zo yi, amma ba na soyayya ba, na gaskiya, a kan mahaifina Ɗantsoho Mai Gangar Noma da mutanensa: yadda suka fara, inda suka je, da abin da ya rage. Ya ce tun yana yaro kakansa ke saka kaset ɗin Baba a shago. Na ga Baba ya gyara zaman hularsa.

Mu huɗu ne muka rage a ƙungiyar. Baba shi ke da babbar ganga kuma shi ke waƙa. Kawu Maharazu shi ne babban ɗan amshi, ya fi shekara talatin yana tsaye a bayan Baba. Sai Bature, yana amshi yana kuma yi wa manoma kirari. Sai ni, Sagir, da kazagi, ƴar ƙaramar gangar da ake ratayawa a wuya tana bin sawun babbar. Tun ina shekara tara nake buga ta. Makaranta a aji huɗu na tsaya, saboda duk sanda aka kira gayya da ni ake tafiya.

Akwai abin da ban faɗa a gida ba. Tun bara nake zuwa Daura kwana uku a mako wurin Munzali mai walda. A gida cewa nake ina taya wani abokina aiki, wanda ba ƙarya ba ne, sai dai ba duka ba ne. Hannuna ya faɗa sosai. Munzali ya samu aikin ƙofofi da tagogi na wani babban gini a Kaduna, wata takwas, ya ce da ni zai tafi, ba a matsayin mai koyo ba. Ranar Asabar za a tashi. Idan na je na dawo, to ni mai walda ne.

Ba ƙin kiɗa nake ba. Amma idan ka haɗa ƙofa ka kafa ta, gobe ka wuce za ka gan ta tsaye. Mu kuwa sai mu yi wata guda ba wanda ya neme mu, in an nema ma wani lokacin a gidan biki ne, a ajiye mu bakin katanga sai an gama da na'ura mai ƙara sannan a tuna da mu.

Kwana biyu suka yi suna ɗaukar hira. Suka zaunar da Baba a ƙarƙashin bishiyar bedin ƙofar gida, suka maƙala masa ƴar makirfo a wuyan riga. Ya ba su labarin yadda ubansa ya fara fita da shi, da yadda suke ƙetarawa ta Kongolam su yi sati uku a ƙasar Nijar, daga wannan gona zuwa waccan.

"A da," in ji shi, "in na buga wa mutum takensa, sai ya jefar da riga ya duƙa, ba ya ɗagowa sai ƙarshen gona. Yanzu mutum ɗaya da tankin feshi a baya ya gama abin da arba'in ke yi. Shi kuma feshi ba ya son kiɗa."

Da aka zo kan Bature, ya ce a Damagaram da mota mai sanyi aka tarye su.

"Ƙarya yake, Malam," in ji Kawu Maharazu daga gefe. "A bayan akori-kura muka shiga garin, mu da awaki goma sha ɗaya."

"To ai iska tana kaɗa mu. Ba sanyi ke nan ba?"

"Wata akuya ta cinye maka hula."

"Ta san hular babban mutum ce. Kai taka ko shinshinawa ba ta yi ba."

Mai kyamara ya yi ta dariya har hoton ya girgiza, sai da aka sake. Ni da aka tambaye ni abin da nake so in zama nan gaba, Baba yana zaune taku uku daga inda nake. Na ce duk abin da Allah ya zaɓa.

Ranar Laraba da azahar Sharfaddeen ya kawo shawarar yadda fim zai ƙare. Sarkin Noman garinmu ya yarda zai tara mutane a gonarsa gobe a yi gayya irin ta da. A can, in ji shi, a gaban kowa, Baba zai cire babbar ganga ya rataya min. Tsoho ya miƙa wa yaro, shi ke nan sai a rufe.

Kawu Maharazu ya dubi Bature. Bature ya dubi ƙasa.

A gidanmu akwai yadda ake yi. Babbar gangar kowa yana iya ɗaukarta a ka, ko ya ɗaure ta a bayan babur, ni kaina na sha yi. Amma maratayinta ba ya hawa kafaɗar kowa sai mai ita. Ranar da uba ya cire da hannunsa ya saka wa ɗansa a gaban ƴan amshi, ya bar ta ke nan, ba zai ƙara bugawa ba. Shi kuma ɗan ya zama mai ganga. Shi ake aiko wa goron gayyata, shi ke gaba, kuma ba ya barin gari daga saukar ruwa har a gama kaka, don bakin mutum uku da iyalansu yana bayansa. Haka kakana ya yi wa Baba, haka aka yi wa kakana.

Na zaci Baba zai ce a'a. Sai ya ce, "To. Allah ya kai mu."

Na bari sai da suka tashi, na bi Sharfaddeen wurin mota yana shan ruwan leda. Na gaishe shi sau biyu kafin na iya farawa.

"Malam Sharfaddeen, wannan na ƙarshen, ba za a iya barinsa ba?"

"Me ya faru? Kunyar kyamara kake ji?"

Na faɗa masa komai, har da Kaduna. Mutumin kirki ne, ya saurare ni har ƙarshe, ya cire gilashi ya goge.

"Sagir, ai nuni ne kawai. Minti biyu. In an gama ka mayar masa da kayansa ka tafi Kadunarka."

"Ba a mayarwa, Malam."

"Ko da wasa?"

"Ba mu da na wasa."

Ya zuba wa tayar mota ido. Can ya ce ya samo dabara. Baba zai ɗaga maratayin, ni zan sunkuyar da kai, daidai nan shi zai ce a tsaya. Daga nan sai su nuna sama da gona da masu noma, a ji ganga tana tashi, mai kallo ya ƙarasa da zuciyarsa.

"Ko gashin kanka ba zai taɓa ba. Ni zan yi wa Baba bayani da safe. Ka bar min."

Na yi masa godiya. Na ji sauƙi, amma ba duka ba.

Bayan la'asar na tarar da Baba a tsakar gida ya kwantar da gangar yana jan tsarkiyarta. Na tsuguna kusa da shi. Na shirya maganar tun daga ƙofa, kalma bayan kalma.

"Baba, akwai abin da nake so in..."

"Munzali yana lafiya?"

Ban taɓa ambaton sunan a gida ba. Na ce lafiya lau yake.

"An ce hannunka yana da kyau. Na ga idonka ma, kullum ja." Bai ɗago ba. "Yayanka Jafaru ma wata uku ya ce min zai yi a wurin haƙar zinariya. Bana shekara shida."

"Ni Kaduna ce, Baba. Ga ta nan kusa."

"Uhm." Ya miƙo min bakin igiya. "Riƙe nan. Ka danne sosai."

Na danne. Ya ja, ya ɗaure, ya matsa gaba, ya ce in sake riƙewa. Haka muka zagaye gangar gaba ɗaya, yana nishi a duk ja saboda kafaɗarsa ta dama da ta daɗe tana damunsa. Da muka gama ya ɗan ƙwanƙwasa fatar da yatsa, ya kara kunne, ya ce ta yi. Ya tashi ya ɗauki buta. Maganar da na shirya tana nan a bakina, amma ban ga inda zan ajiye ta ba.

Iya, mahaifiyata, tana bakin murhu, duk ta ji. Da na zo wucewa ta ce, "Ka faɗa masa?"

"Ya riga ya sani."

"Ba shi na tambaye ka ba."

Na wuce abina.

Ranar Alhamis tun da hantsi gonar Sarkin Noma ta cika. Mutum sun kai talatin da fartanyoyi, wasu tsofaffin da suka daɗe da barin duƙawa ma sun zo da nasu, sun wasa su suna ƙyalli. Gero ya kai gwiwa. Mata sun jera ƙoren fura a inuwar gawo, Iya tana cikinsu. Har daga ƙauyukan gefe an zo kallo, babura sun cika bakin hanya.

Na nemi Sharfaddeen in ji ko ya yi wa Baba bayanin. Na same shi yana faɗa da mai kyamara a kan batir, wai wanda aka saka a caji bai ɗauka ba. Da ya gan ni ya ɗaga min hannu, ya ce, "Ina sane, ina sane." Ban so in matsa masa ba.

Aka tsayar da mu a tsakiyar gona. Baba da ganga a kafaɗa, ni a gabansa, Kawu Maharazu da Bature a gefe, manoma sun yi mana zobe. Mai kyamara ya tsuguna yana buɗe jaka yana neman wani batirin.

"Baba," in ji Sharfaddeen, "kafin a kunna, a ɗan gwada mu ga inda kowa zai tsaya. Yi yadda kuke yi, ina zuwa."

Ya juya ya koma wurin jakar, ya ba mu baya.

Baba ya dubi Kawu Maharazu. Kawu ya matso ya kama igiyar kazagin wuyana. A hankali ya cire ta, a hankali ƙwarai, yana kallon fuskata, kamar mai jiran in ce wani abu. Na leƙa ta saman kafaɗarsa. Sharfaddeen yana duƙe, hannunsa biyu cikin jaka.

Baba ya yi bisimilla. Ya ambaci sunan ubansa, ya ambaci na kakansa, ya roƙa musu gafara, mutane suka ce amin. Ya cire maratayin daga kafaɗarsa, ya ɗaga shi da hannu biyu.

Taku ɗaya baya ya ishe ni. Na san haka a lokacin, ba daga baya na gane ba. Amma a bayana akwai Sarkin Noma da mutum talatin, a gabana akwai tsoho ya ɗaga hannu sama da ciwon kafaɗa, a gaban garinsu da baƙi. Da na ja baya, da abin da za a riƙa tunawa da shi ke nan duk sanda aka ambaci Ɗantsoho. Na tsaya ina jiran a ce a tsaya. Ba wanda ya ce.

Fatar maratayin da ɗumin jikinsa ta sauka a kafaɗata. Gangar ta fi yadda nake jinta a ka nauyi. Ya danƙa min gula, sandar buga gangar, a hannu ya rufe yatsuna a kanta. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa daga gindin gawo, sauran suka kama.

Guɗar ce ta juyo da Sharfaddeen. Ya taho da sauri yana murmushi, bai gama ganin abin da ya gani ba.

"Yauwa, wurin ya yi. To Sagir, mayar wa Baba, yanzu za mu ɗauka. Baba, wannan karon in ka ɗaga sai ka tsaya, kar ka..."

Baba ya mayar da hannuwansa baya ya haɗe su.

"A mayar wa wa?"

"Ai gwaji ne, Baba. Ba a kunna ba. Ba mu ɗauki komai ba."

"Mutane sun gani."

"Don Allah Baba, sau ɗaya kawai. Ka riƙe ta minti ɗaya."

"Malam," in ji Bature, ba wasa a muryarsa wannan karon, "ba hula ba ce da za a ce ba ta zauna ba a sake kafawa."

Sharfaddeen ya juyo wurina. Sai a lokacin ya dube ni sosai, ni da maratayin. Na ga abin ya sauka a fuskarsa. Ya matso kusa, ya rage murya.

"Sagir, wallahi batirin nan ne ya ɗauke min hankali. Bari in yi masa magana a gefe. Zan ce laifina ne."

"Ba komai, Malam."

"A'a, bari in..."

"An gama. Ku kunna abinku."

Sarkin Noma ya riga ya fito tsakiya, ya ɗaga fartanya sama yana jiran takensa. Duk taken garin nan na san su, shekara goma sha biyar ina bin su da kazagi. Na gyara tsayuwa na saukar da gula. Gangar ta amsa. Bature ya ɗauki kirari, Baba ya ɗaga waƙa da hannuwansa a baya, Kawu Maharazu ya amsa. Mutane suka duƙa.

Abin da ya fi damuna shi ne kiɗan ya yi kyau. Na so a ce hannuna ya kauce, a ce yaron nan bai isa ba tukuna. Bai kauce ba. Wani tsoho da ake cewa bayansa ya mutu ya yi layi biyu bai miƙe ba. Mai kyamara yana bin su da baya da baya har ya faɗa cikin gero. Wannan duk sun ɗauka. Miƙawar ce ba su samu ba, kuma ba za su samu ba.

Da aka tsaya shan fura, wani dattijo daga wajen Kongolam ya zo ya tsuguna a gabana, ba a gaban Baba ba. Ya ajiye goro huɗu a kan fatar gangar. Ya ce ganin yau ya tayar masa da tsohon abu, Lahadi mai zuwa zai tara mutane a gonarsa, in mai ganga ya yarda. Na waiga wurin Baba. Yana kallon wani wuri daban. Kawu Maharazu da Bature kuwa ni suke kallo, kuma na san tun farkon damina sau biyu kawai aka kira mu.

Na ɗauki goron.

Akwai wani tudu a ƙarshen gonar inda waya ke kamawa. Na hau da gangar a jikina na kira Munzali. Ina jin ƙarar injin yanka ƙarfe a bayansa.

"Sagir, ya aka yi? Asabar ƙarfe bakwai fa, kar ka sa mu jira."

"Maigida, an rataya min ganga."

"An me?" Ya ce wa wani ya kashe injin. "To ka cire mana."

"Ba a cirewa."

Munzali ɗan birni ne, amma kakarsa ƴar wajenmu ce, ya san abin da nake nufi.

"Kai ka so?"

"An dai yi."

"Sai yaushe za ka samu kanka?"

"Bayan kaka. In ruwa ya sake sauka kuma in dawo."

"Aikin ba zai jira kaka ba, ka sani." Ya ja numfashi. "Shi ke nan, zan ɗauki Musaddiq. Hannunsa bai kai naka ba, amma yana nan. Ka riƙa leƙo mu."

Na ce in sha Allah. Na ji an sake kunna injin kafin ya kashe wayar.

Da la'asar masu fim suka haɗa kayansu. Sharfaddeen ya zo sallama, ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Ya ce in an gama haɗawa zai kawo mana mu gani, kuma zai rubuta sunana da manyan baƙaƙe. Na ce Allah ya kiyaye hanya. Motarsu ta bi ta cikin yashi tana tangaɗi har ta ɓace bayan dogayen bedi.

Muka kamo hanyar gida a ƙafa. Kawu Maharazu da Bature suka yi gaba, suna gardamar wanda zai nemo mai kazagi. Baba yana tsakiya, ni a baya. Ba komai a kafaɗarsa, amma yana tafiya a karkace ta gefen da gangar ta saba zama. Hannunsa ya rasa wurin zuwa, ya saka shi aljihu, ya fitar, ya kama gefen riga.

Wajen tsohuwar rijiya silifas ɗinsa ya tsinke, hancin ya fice daga ramin. Ya tsaya da ƙafa ɗaya yana dubansa. Na ƙaraso, na tura gangar baya, na tsuguna na ɗauka. Na mayar da hancin, na karyo ƙayar aduwa daga gefen hanya na soke shi ta ƙasa, na karye tsinin don kar ya same shi. Na ja na ji ya riƙe, na ajiye masa a gaban ƙafa.

Ya zura ƙafar, ya taka sau biyu, ya ci gaba da tafiya.